Rijiya Ta Bayar, Guga Ya Shafe

Har yau mahaifiyata tana gaya wa ƙawayenta cewa ɗanta yana da laburare. Ranar da na fara faɗa mata, ta tambaye ni a wace unguwa yake, kuma nawa nake biyan haya. Na ce, "Inna, ba gini ba ne, a cikin kwamfuta yake." Ta ce to littafi nawa ne a ciki? Na ce babu ko ɗaya. Ta yi mini irin kallon da ake yi wa wanda zazzaɓi ya hau wa ka, ta ce Allah ya sa albarka. Ban sake gwada yi mata bayani ba. Amma tunda abin ya kai ni ga durƙuso a rumfar wani attajirin hatsi a kasuwar Mai'adua, ina rantse-rantse kamar ɓarawon akuya, gara ku ku ji abin da Inna ta ƙi saurara.

A wurin masu rubuta manhaja, laburare wani guntun aiki ne da mutum ya yi ya ajiye a fili, kowa ya ɗauka ya saka cikin nasa, don kada a yi ta ƙera abin da aka riga aka ƙera. Nawa aikinsa ɗaya ne tak: sauraron umarni. Kun san baƙin allon nan da ake nunawa a fim, inda ɓarayin intanet ke zuba rubutu suna gumi? Ba tsafi ba ne, teburin mai shayi ne. Ka zauna a benci ka ce, "Shayi, madara biyu, ba suga, ƙwai uku." Mai shayi, yana fifita wuta yana gardamar ƙwallo, ya riga ya rarraba maganarka: shayi shi ne aikin, madara da ƙwai suna tafiya da adadi, "ba suga" kuma ba ya buƙatar adadi. Kwamfuta ba ta da wannan basira. Sai an rubuta mata haka:

shayi --madara 2 --ba-suga --ƙwai 3

Kuma sai an sa wani ɗan aike a bakin ƙofa ya karɓi wannan layin, ya tsinka shi gaɓa-gaɓa, ya miƙa wa manhajar da ke ciki. Ɗan aiken nan na ƙera.

Ba ni na fara ba, kuma da ina da hankali da wannan kaɗai ya ishe ni gargaɗi. Tun wajen 1980 masu Unix a kamfanin AT&T na Amurka suka gaji da yadda kowace manhaja ke karɓar umarni yadda ta ga dama, suka fito da getopt: karan ɗori ɗaya, harafi ɗaya. Daga baya 'yan GNU suka ce ba kowa ke iya tuna harafi ɗaya ba, suka ƙara karan ɗori biyu da cikakkiyar kalma. Tsofaffin manhajoji kuwa suka ƙi yin mubaya'a. Har gobe tar yana karɓar umarni ba karan ɗori, dd kuma da alamar daidai yake magana, kamar dattijon da ya shekara arba'in a birni bai saki karin harshen ƙauyensu ba. Shi ko Python, harshen da nake rubutu da shi, mata uku ya ajiye a kan wannan aiki ɗaya: uwargida getopt, sai optparse da ta tare a 2003, sai amarya argparse da aka kawo a 2010. Da amarya ta shigo aka ce optparse ta tsufa, a daina shiga ɗakinta. Ta zauna shekara 14 ba saki ba kwana, jama'a na cin girkinta a ɓoye, sai a ƙarshen 2024 aka janye maganar aka ce ta ci gaba da zamanta. Mai hankali zai ce gidan nan ya cika. Ni kuwa sai na hango ɗakin ta huɗu.

A watan Afrilun 2020 aka kulle Daura saboda korona. Shagona na buga takardu da koyar da kwamfuta ya rufe, na zauna gida ba aikin fari ba na baƙi. Zaman banza kuwa shi ke kawo wa mutum manyan tunane-tunane. Na ce me zai sa kwamfuta ta riƙa yi wa Bahaushe faɗa da Turanci in ya yi kuskure? Zan yi ɗan aike mai jin Hausa, mai bayani da Hausa, wanda kuma zai yi wa mutane uzuri a kan haruffa masu ƙugiya, tunda yawancin kwamfutocinmu ba su da ɓ da ɗ da ƙ. Cikin mako uku na gama. Da yake ni ɗan garin Kusugu ne, na raɗa masa suna Guga. Na ɗora shi a GitHub da lasisin MIT, wanda ma'anarsa kowa ya ɗauka kyauta ya yi abin da ya ga dama. A lissafina mutum biyu za su yi amfani da shi: ni, da kuma ni a ɗaya kwamfutar.

Ashe rubuta laburare haihuwa ce, riƙonsa kuma raino, raino kuwa ba ya da ranar yaye.

Ƙorafin farko ya zo daga wani da ya ce Guga ba ya gane ko umarni ɗaya. Kwana biyu ina bincike kafin na gano cewa umarnin a waya aka rubuto masa shi ta WhatsApp, wayar kuma, don tsabar iyayi, ta haɗe karan ɗori biyun ta mayar da su dogon kara guda. A ido kusan ɗaya ne, a wurin kwamfuta kuwa Gabas da Yamma. Na koya wa Guga ya yafe wannan. Na biyu ya sa wa zaɓinsa suna --'yan-kasuwa, ya ce da zarar ya buga sai Guga ya suma, ba ya gaba ba ya baya. Na yi masa bayani cewa 'yar alamar nan ta sama da muke sa wa 'y, baƙin allo yana ɗaukarta a matsayin buɗe zance, sai ya tsaya jiran a rufe, ko za a kwana. Maganar ba ta ma iso wurin Guga ba, tun a zaure aka tsare ta. Amsar da ya aiko mini layi ɗaya ce: "Rijiya ta bayar, guga ya hana." Tun daga ranar na san sunan nan da na zaɓa sanda ce na sara wa masu dukana.

Sai rigimar ƙugiya. Na sa Guga ya ɗauki k da ƙ abu ɗaya, don sauƙi. Wani mai buga katin biki ya zo da zaɓi biyu, --baki na gefen takarda da --baƙi na launin tawada, ya ce na ɓata masa kati ɗari biyar. Wani malamin Hausa kuma ya rubuto mini shafi biyu a kan cewa irinmu ne ke kashe harshe, har ya tambaye ni ko ni ma ban san bambancin kafa da ƙafa ba. Na sa makunni, mai so ya kunna, mai so ya kashe. Rabin jama'a suka ce a bar shi a kunne, rabi suka ce a kashe. Duk cikinsu babu wanda ya taɓa aiko mini da katin waya na naira ɗari.

Da abin ya ishe ni, na sanar cewa ranar Juma'a kaɗai zan riƙa duba ƙorafi. Nan take wani ɗan garinmu ya tuna mini cewa macijin Kusugu ma ranar Juma'a kaɗai yake barin a ɗebi ruwa, kuma kowa ya san yadda suka ƙare da Bayajidda.

Yanzu ga inda tsautsayin ya kwanta. Masu buga umarni ragwaye ne, shi ya sa getopt na GNU da argparse duk suka yarda mutum ya gutsure kalma: maimakon --madara ka buga --mad, a gane. Amma in gutsuren ya dace da zaɓi biyu, sai su tsaya cak su ce ba su gane ba, ka fayyace. Ni a ganina wannan rashin tarbiyya ne. Ina aka taɓa mayar da baƙo daga ƙofa don bai cika sallama ba? Sai na sa Guga, in ya rikice tsakanin biyu, ya ɗauki wanda mai manhajar ya fara jerawa. Ban rubuta wannan a ko'ina ba. Ni kaina na manta na yi.

Akwai wani tsohon ɗalibina, yaro mai ladabi da ƙwazo, wanda kawunsa ke sayar da gero da dawa da wake a Mai'adua. Ya samo wata tsohuwar kwamfuta da ta gaza ɗaukar Windows, ya sa mata Linux, ya rubuta 'yar manhajar littafin bashi a kan Guga. Kowane mai cin bashi da shafinsa. Zaɓin farko da ya jera shi ne --shafi, mai nuna abin da ake bin mutum. Can ƙasa kuma akwai --shafe, mai goge shafin wanda ya gama biya. Ya rubuta umarnin a takarda ya manna a bango saboda akawun Alhaji. Akawun nan, Allah ya yi shi da tsimin yatsa, ya gano cewa in ya buga --shaf ma aiki na tafiya. Harafi ɗaya yake ragewa. Ya fi shekara biyu yana haka lafiya lau, littafin kuma ya yi ƙiba sosai tun farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, da takardar naira ta yi ɓatan dabo kowa ya koma "rubuta mini."

Ana nan sai wani malami daga Damagaram ya rubuto mini, cikin ladabin da ban saba gani ba, Hausarsa da ɗan ƙamshin Faransanci. Ya fara da yabo, abin da ya kashe mini jiki. Sannan ya ce in ba damuwa, jerin zaɓuɓɓukan da Guga ke nunawa in an nemi taimako a hargitse yake, da za a jera shi bisa abacada da ya fi, a kuma tuna cewa su a Nijar ƴ suke rubutawa inda muke rubuta 'y. Na ce wannan ai aikin minti biyar ne. Da na sa kwamfuta ta jera sai ta kwashe haruffanmu masu ƙugiya ta zuba su bayan z, kamar almajirai a gidan biki, domin ita da lamba take aiki: a tsarin Unicode z lambarsa 122, ƙ kuwa 409, ɓ 595, ɗ 599. Raina ya ɓaci a madadin Hausawa baki ɗaya. Na yi dare uku ina koya wa Guga abacadar gaskiya, ɓ bayan b, ɗ bayan d, sh da ts kowanne harafi ne mai zaman kansa. Aikin ya yi kyau har na ji ina ma a ce akwai wanda zan nuna wa.

Sai dai a Python hanyar jerawa biyu ce. Akwai sorted, mai yi maka kwafi ya jera ya bar na asali yadda yake. Akwai sort, mai kama na asalin ya juya shi. Na biyun na buga. Bambancinsu harafi biyu, kun ga ni ma ina da nawa tsimin yatsan. A abacada kuwa, ta Hausa ce ko ta Nasara, e yana gaban i. Shafe ya tsallake shafi ya zauna a layin gaba.

Daren Juma'a na saki bugu na 1.4. Na gwada duk abin da nake alfahari da shi, ban gwada abin da na manta ba. Ranar Asabar ɗalibina ya sabunta kwamfutar kawunsa, domin ni da bakina na koya musu a aji cewa mai barin manhaja ba sabuntawa kamar mai kwana ƙofa a buɗe ne. Ranar Lahadi kasuwar Mai'adua ta ci.

Da hantsi wani ya zo biyan rabin bashinsa. Akawu ya buga bashi --shaf 7. Allo ya amsa da kalmomin da ni na rubuta da hannuna, cikin fara'a: "An gama." Bai ga lissafi ba. Ya ce bari ya gwada na 8, ko na 7 ne ke da matsala. An gama. Ya gwada 9. An gama. Mutumin nan da ke ƙyashin harafi ɗaya, ranar sai Allah ya ba shi naci, ya bi shafuka ɗaya bayan ɗaya har na 43. Sannan ya kashe kwamfutar, ya hure mata ƙura, ya kunna, ya ce bari ya duba 1 zuwa 6 ya tabbatar su suna nan lafiya.

Ina cin ɗanwake wayar ɗalibina ta shigo. Abin da na iya tsinta cikin muryarsa shi ne "Malam," "Kawu," da "innalillahi." Na hau babur. Hanyar Kongolam cike da motocin shanu, ni kuma ina tafe ina haddace abin da lasisin MIT ya ce, wai an ba da manhaja yadda take, ba garanti, ba a kama marubuci da laifin komai. Da manyan baƙaƙe ma aka rubuta wurin. Na ji ƙarfin gwiwa har na ƙara wuta.

Na sami Alhaji zaune a kan buzu tsakanin buhuna, carbi a hannu, akawu a rakuɓe kamar kazar da ruwa ya doka. Na cire takalmi na durƙusa.

"Kai ne mai gugan?"

"Ni ne, Alhaji. Allah ya ƙara girma."

"To ɗebo mani abin da ka zubar."

Na gyara murya na fara bayanin lasisi. Ya saurare ni har ƙarshe, bai katse ni ba, abin da ya sa na ɗauka ina cin nasara. Da na dire ya ce, "Wa ya sa hannu a takardar?" Na ce ba a sa hannu. "Su wa suka shaida?" Na ce ba shaidu. "A gaban wane alƙali aka yi ta?" Na ce wata jami'a ce a Amurka ta fara tsara ta. Ya juya ya kalli ɗan 'yar'uwarsa ya ce, "Wannan ne malamin naku?"

Ya sake juyowa. "Nawa yaron nan ya biya ka?"

"Ko sisi, Alhaji. Kyauta ne."

"Sauran masu ɗiba fa?"

"Su ma kyauta."

"Shekara nawa kana yi?"

"Huɗu da wani abu."

Sai ya ajiye carbin. Wallahi ɓatan bashinsa bai girgiza shi kamar wannan magana ba. Ya ce, "Yaro, ana cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kai naka wasan ko gardin babu. Kana da iyali?" Na ce ina da mata da 'ya'ya biyu. Ya ce, "Allah ya ba ta haƙuri."

Kafin nan labari ya zaga kasuwa cewa na'urar Alhaji ta yafe wa kowa bashi. Mutanen da aka yi wata shida ana nema, masu cewa sun tafi ci-rani, sai ga su suna ɓullowa ɗaya bayan ɗaya, wai sun zo jaje. Wani dattijo ya kama hannuna biyu ya yi mini addu'ar da ko ranar aurena ban samu irinta ba, ya cusa mini goro a aljihu. Na tambayi ɗalibina ina ajiyar ko-ta-kwana, domin wannan ma na koya musu. Ya ce kullum manhajar na kwafe littafin a filashi. Muka dubi akawu. Akawu ya dubi ƙasa. Ashe tun bayan Sallar Gani ya zare filashin ya kai an zuba masa finafinai.

Na fara lissafin nawa babur ɗina zai yi in an sayar. Alhaji ya ce a miƙo mini kwamfutar. Ya jingina da buhun wake, ya lumshe ido, ya ce, "Rubuta. Shafi na ɗaya."

Abin da na gani ranar ban taɓa ganin irinsa ba. Mutum 43, kowa da sunansa da na ubansa da ƙauyensu, daga Zango har Baure har tsallaken iyaka, buhu nawa, tiya nawa, a kan wane farashi, ranar wace kasuwa, wa ke tsaye lokacin da aka auna. Masu jaje suka fara zamewa, yana kiran su yana cewa su dakata a karanta musu nasu. Dattijon da ya ba ni goro aka karanto masa buhu huɗu, ya dube ni kamar in mayar masa da goronsa. Har wani bashi Alhaji ya tuno wanda akawu bai taɓa shigarwa ba. Muka yi la'asar, muka yi magariba, ina bugawa, kuma kowane --shafi sai na cika shi har wasalin ƙarshe ina karantawa a bayyane. Da muka gama na kasa daurewa na ce, "Alhaji, to kai me za ka yi da kwamfuta?" Ya ce, "Ni? Ba komai. Yara ne ba su da kai."

Ina sa takalmi ya ce, "Af, ɗan gidan wa kake a Daura?" Na faɗa masa, da 'yar taƙamata. Ya yi murmushi, karo na farko tun zuwana. "Ashe kai na gida ne. Akawu, buɗe shafi na 44. Baffanka yana da buhu biyu na gero tun daminar 2021. Da na bar shi saboda kunya, amma tunda Allah ya kawo ka, ka gaya mashi."

Baffa bai amsa gaisuwata ba har wata biyu.

A daren na saki bugu na 1.4.1. Yanzu in gutsure ya dace da zaɓi biyu, Guga tsayawa yake ya ce a fayyace, kamar yadda na gaba suka yi tun kafin a yaye ni. Ƙorafin farko a kan gyaran ya iso ranar Talata, ta bakin ɗalibina: akawu ya ce sabon Gugan ya cika tsanani, a dawo masa da --shaf ɗinsa.

Na ɗan sami sanyi da na tuna ba ni kaɗai ba ne. A watan Maris na 2016 wani mai suna Azer Koçulu ya yi fushi ya janye wani laburarensa mai layi 11 kacal, left-pad, dubban manhajoji a duniya suka kasa haɗuwa. A Maris na 2024 kuma aka gano wani da ke kiran kansa Jia Tan ya shafe fiye da shekara biyu yana taya Lasse Collin riƙon xz, mutumin da aiki ya yi wa yawa shi kaɗai, har ya sami amana, sannan ya dasa ƙofar ɓarayi a ciki. Wani injiniya, Andres Freund, shi ya bankaɗo abin, don kawai ya lura shiga wata na'ura ta ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Na kawo wannan ne saboda makon jiya wani da ban sani ba, ba hoto ba gari, ya rubuto mini da daɗin baki cewa ya ga na gaji, yana so ya taya ni riƙon Guga.

Na gaji ɗin kuwa, kuma ina neman mataimaki da gaske. Duk mai so ya same ni a Daura ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Ya zo da ƙafarsa, da takarda daga mai unguwarsu, da shaidu biyu. Alhaji ya ce shi zai yi masa tambayoyi.